Ranar da Janbaki Bai Huta Ba

To, ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Shari'a na kawo muku yau, mai danna waya kuwa ba ya alƙalanci. Ku bari in kai aya, sannan kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Wanda ya katse ni, shi zai kawo goron gobe.

A bakin wata fadamar shinkafa akwai wani ƙauye da ake kira Tungar Gwanki. Makarantar firamare ɗaya ce a garin, hedimastanta kuwa wani dattijo ne mai suna Malam Nomau. Shi ya fara ta a gindin darbejiya da yara tara da allo ɗaya, shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Ya ga an ɗora mata ɗaki uku, ya ga an yi mata rufin kwano. Ƙararrawarta wani tsohon wilin mota ne da ya rataye da hannunsa a jikin darbejiyar nan, mabuɗin makarantar kuma yana ɗaure da igiyar fata a aljihunsa, ko ɗaurin aure ya je da shi yake zuwa. A lokacin da nake ba ku labari saura wata uku ya yi ritaya.

Makarantar nan tana da abokin gaba, kuma ba mutum ba ne. Janbaki ne. Ku 'yan birni ba ku san shi ba, sai dai in kun gan shi a soye. Ɗan tsuntsu ne mitsitsi, amma idan ya taso a garkensa sai ya rufe rana. Da zarar shinkafa ta yi nono, wato ƙwayar ta fara cika tana da taushi, sai ya sauka, kafin ka gama alwala ya bar maka kara tsaye. Korarsa kuwa aikin yara ne tun kaka da kakanni. Ana kafa wa yaro rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, a ja igiyoyi ta ko'ina an rataya musu gwangwanaye, ya wuni yana ja yana ihu yana waƙa, yana wurga hogen ƙasa da majaujawa. Da yake ba rana ɗaya ake shuka ba, tsaron nan yakan ci wata biyu. Duk shekara haka aji yake watsewa, idan yaran suka dawo kuma abin da aka koya musu ya bi ruwa. Malam Nomau ya shekara talatin yana yaƙar abin nan da bulala. Yaro ya yi fashi ya dawo a zane shi, gobe sai ya ƙi dawowa gaba ɗaya. Ni dai na ce Allah ya ba dattijon nan haƙuri, amma a wannan fannin bai ba shi dabara ba.

Wata Talata sai ga sufeton makarantu, Alhaji Mainasara, ya tsallako gulbi ba sanarwa. Ya shiga babban aji, inda aka haɗa 'yan aji biyar da shida. Rajista ta ce yara arba'in da shida, ido ya ga bakwai. Ya miƙa musu littafi, cikin bakwai ɗin ba wanda ya kai ƙarshen layi. Mutumin bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya zaro wata takarda ya nuna wa hedimasta, ya ce: "Malam, wannan ta rufe makaranta ce, a mayar da yaran ta cikin gari. Saboda furfurarka ba zan sa hannu yau ba. Zan dawo Talata ta bakwai. In na sami yara arba'in a ajin nan, kuma duk wanda na nuna ya karanta min abin da na ba shi, zan janye ta."

Makarantar cikin gari tana hayin gulbi. Malam Nomau ya san mutanensa, ba uban da zai sa 'yar shekara bakwai a kwalekwale safe da yamma. Rufe makarantar nan shi ne ƙarshen karatu a Tungar Gwanki, kuma a hannunsa za ta mutu, shi da ya haife ta. Ya kira malamansa guda uku, ya gaya musu gaskiya: "Dabarata ta ƙare. Kowa ya yi abin da Allah ya hore masa, na ba shi wuƙa da nama."

Na farkonsu Malam Ɗantani, ɗan garin ne, manomin shinkafa ɗan manomin shinkafa. A koyarwa dai sai a hankali, rubutunsa a allo kamar kaza ta bi ta kai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya san abin da kowa a garin ya sani amma ba wanda ya taɓa haɗa shi da makaranta: janbaki yana ci ne daga fitowar rana zuwa hantsi, idan rana ta yi zafi sai ya shige itatuwa ya huta, ba ya dawowa sai la'asar. Makaranta kuwa ta nace sai ƙarfe takwas na safe, daidai lokacin da tsuntsu yake kan cinsa. Sai ya ce a mayar da karatu daga hantsi zuwa gabanin la'asar. Ya bi gida gida yana bayani, magidanta suna gyaɗa kai suna cewa to, amma ba wanda ya saki ɗansa. Wa zai yi caca da abincin shekara? Da ya ga haka sai ya je gaban Sarkin Noma ya ce a gwada da gonarsa. Ya janye 'ya'yansa daga rumfa tun hantsi, ya bar gonar ba kowa, kwana biyar a jere. Matarsa ta yi kuka ta ce zai kashe su da yunwa saboda 'ya'yan wasu. Dattawa suka riƙa zagayawa da tsakar rana suna leƙe. Da kwana biyar suka cika aka murza zangarniya aka ga ƙwaya cike, gani ya kori ji. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa Sarkin Noma ya yi alkawari a gaban liman cewa ranar da sufeto zai dawo, ko me ya faru a fadama, manya ne za su hau rumfa. Da aka buga wili a mako na biyu, yara arba'in da ɗaya suka shigo aji, ƙafafu duk laka. Malam Nomau ya ƙirga su sau biyu don bai yarda da idonsa ba.

Sai dai jiki ne ya zo, hankali yana fadama. Yaran sun tashi tun asuba, sun sha ihu, ga zafi. Rabi suna gyangyaɗi, rabi sun zuba wa taga ido. Kafin mako ya ƙare sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce fitsari, wancan ya ce ciwon ciki, sai a gan su a bakin ruwa suna wanka.

Nan ta biyu ta shigo, Malama Lantana. Baƙuwa ce, daga cikin gari take tsallakowa kullum, tana riƙe bakin kwalekwale tana salati har a kai gaci. Ga ta da surutu, ga saurin fushi, amma idan tana koyarwa ko ɗan akuya ya leƙo sai ya tsaya. Abu na farko, ta sauke bulalar da take rataye a bango ta ba mai ƙosai ta hura wuta. Malam Nomau ya ji abin har cikin ransa, amma ya tuna shi ya ba da wuƙa da nama, ya haɗiye. Na biyu, ta rufe littafin karatun da yake ta ba su labarin jirgin ƙasa da gidan bene, abubuwan da ba su taɓa gani ba. Ta zauna a bencin yara ta ce ita jahila ce, ba ta san yadda ake korar tsuntsu ba, su koya mata. Suka ba ta majaujawa ta wurga, hogen ya koma baya ya bugi allo. Aji ya kece da dariya, masu barci suka farka. Kowa yana so ya gyara mata, kowa yana da labari: wanda maciji ya hau rumfarsa, wadda igiyarta ta tsinke tsuntsu yana sauka, wanda ya san waƙar kora da kakarsa ta koya masa. Suna faɗa tana rubutawa a allo, ta sa sunan mai magana a ƙasa. Sannan ta nuna ta ce wannan maganar wane ce, wa zai karanta mana? Yaran nan ba su taɓa sanin cewa maganarsu ma tana shiga allo ba. Ta ja igiya daga taga zuwa taga, ta rataya gwangwanaye an rubuta haruffa a jikinsu, ƙungiya biyu suna tseren haɗa kalma, wanda ya ci ya ja igiya ta yi ƙara. Lissafi ma da tsuntsu aka yi shi: idan ɗaya yana cin ƙwaya kaza a wuni, dubu fa? Daga baya ta ɗinke takardu da zare ta ce za su yi littafin kansu, Littafin Fadama, kowa shafi guda, kuma ranar da baƙo zai zo su za su karanta masa. Ciwon ciki ya warke, fitsari ya ɗauke. Har ta kai sai an kore su idan la'asar ta gabato, uwaye suna aiko da saƙo wai malamar nan ta yi wa 'ya'yansu asiri. Hedimasta ya wuce ta bakin taga ya ji hayaniya, ya ce alhamdu lillahi, an gama.

Ashe ba a gama ba. Na ukunsu, Malam Sha'aya'u, shi ya gano haka. Dattijo ne mai sanyin jiki, maganarsa a rana ba ta cika cokali ba, idan yana koyarwa har shi kansa yakan yi hamma. Shi ba ya tsayawa a gaban aji, can bencin baya yake zama yana kallo. Ya kwana uku yana kallo, sannan ya je ya sami hedimasta ya ce: "Hannu goma sha biyu ne suke tashi, kuma kullum su ne. Sauran suna ɓuya a bayan hayaniya. Sufeto kuwa cewa ya yi wanda ya nuna."

Malam Sha'aya'u ya ɗauki rajista ya fara kiran yaran ɗaya ɗaya gindin darbejiya lokacin hutu, ba don tuhuma ba, hira kawai. A nan ya gano akwai wanda ba ya ganin allo daga baya, shekara uku ana ce masa daƙiƙi, ya dawo da shi gaba. Ya gano akwai waɗanda suka haddace shafin wasu da ka, suna bi da baki kamar masu karatu. Ya kuma gano Tsahara, wata yarinya mai in'ina, wadda tun tana aji uku aka yi mata dariya ta rufe baki, ba a sake jin muryarta a aji ba. Sai ya kafa dokoki, Malama Lantana ta yi ta mita amma ta bi. Ya hana ɗaga hannu. Ya rubuta sunan kowa a ɗan guntun kara ya zuba a ƙwarya, wanda aka zaro shi zai amsa. Idan an yi tambaya kowa ya yi shiru har a ja numfashi goma, ba dariya, ba raɗa amsa. Ya haɗa su biyu biyu, mai ƙarfi da mai rauni, ya ce karatu gayya ne, kuma sun san ba a tashi daga gayya sai an nome kunyar ƙarshe ta gonar. Ita Tsahara, takanas ya bi ta gona da yamma, ya tsaya daga nesa ya ji tana rera waƙar kora, murya tar, ba ko sarƙewa. Washegari ya koya mata ta riƙa buga yatsa a hankali a kan benci, kalma ɗaya bugu ɗaya, kamar tana bin waƙa. Kwana goma ba ta ce uffan ba, shi kuma bai gaji ba. Ranar da ta karanta masa layi guda, bai yi mata tafi a aji ba, don ya san kunya za ta mayar da ita cikin ƙoƙonta. Gidansu ya je, ya yi sallama, ya gaya wa uwarta a soro. Matar ta rufe fuska da mayafi tana hawaye, ta ce ita duk tsammaninta ƙara aka kawo.

Talata ta bakwai ta zo. Malam Nomau ya fito da safe ya ɗaga kai sama. Hadari ne ya lulluɓe sama, irin na bankwanan damina, ba ruwa ba rana, gari ya yi luf. Duk ɗan fadama ya san abin da wannan yake nufi: in ba zafi, janbaki ba ya hutawa, wuni zai yi yana ci. Sufeto ya iso ya zauna a kujera da takardarsa a cinya. Hantsi ya yi, hedimasta ya buga wili. Shiru. Ya sake bugawa. Sai can ya hango su a kan hanyar fadama, jere, suna gudu. Bayansu kuma gwangwanaye ba su daina ƙara ba, sai dai muryoyin da suke ihu sun yi kauri. Magidanta ne da mata suka hau rumfuna. An ce Sarkin Noma da kansa, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, yana can sama yana wurga majaujawa, hula ta faɗi bai sani ba. Alkawarin da Malam Ɗantani ya ɗaure ne ya riƙe. Sufeto ya ƙirga, arba'in da uku.

Ba a yi nisa ba sai aji ya yi duhu. Wani garke ne ya biyo ta kan rufin makaranta, wanda ba a ga irinsa ba a shekarar, ya nufi fadama kai tsaye. Yaran suka miƙe ba su sani ba, kowa ya san gonar ubansa tana can, ƙofa kuma a buɗe take, ba bulala a bango. Malam Nomau ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya ga ba wanda ya fita. Idanunsu suna kan Littafin Fadama da yake kan tebur, wata guda suna jiran ranar da za su karanta wa baƙo shafinsu, ba mai son a wuce nasa ba ya nan. Suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Malama Lantana ta juya baya tana share allon da ba komai a kansa.

Sufeto ya saurari shafi huɗu, har ya yi murmushi. Aka miƙa masa ƙwaryar sunaye ya ce a bar ta. Tsohon ma'aikaci ne, ya san inda ake ɓoye masu rauni. Ya taka har bencin ƙarshe, ya tsaya a kan wata yarinya da ta sunkuyar da kai, ya zaro littafinsa na kansa daga jaka, wanda ba su taɓa gani ba, ya buɗe ya ajiye a gabanta. Tsahara ce. Ta miƙe, bakinta ya buɗe, ba abin da ya fito. Aji ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su, yara arba'in da biyu, ba dariya, ba raɗa, suna jira yadda aka koya musu. Numfashi biyar, shida, bakwai. Sai aka ji ɗan bugun yatsa a kan benci. Kalma ta fito, wata ta biyo ta. A tsakiya ta sarƙe, ta tsaya, ta koma farkon layin da kanta, ta wuce wurin. Ta kai ƙarshen shafi ta ɗago kai. Sufeto ya nuna wasu uku a nan baya, kowa ya karanta, wani da gudu wani da rarrafe. Sannan ya ninke takardar nan huɗu, ya yaga ta, ya zuba a aljihu.

Malam Nomau ya fita. Ya je gindin darbejiya ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ya jingina, ya yi wata ajiyar zuciya da aka ji har cikin aji. Mako bakwai rabonsa da jin daɗin abinci, ranar kuwa sai da ya nemi ƙarin tuwo. Da yamma labari ya zo daga fadama cewa tsuntsu ya taɓa gefen gona biyu, sauran Allah ya tsare.

Da sufeto zai shiga kwalekwale sai ya juyo ya ce: "Makarantarka ta tsira, Malam. Saura wanda zai riƙe ta bayanka. Cikin ukun nan ka rubuto min suna ɗaya nan da Juma'a. Ɗaya na ce."

Nan garin ya rabu. Sarkin Noma da magidanta suka ce Malam Ɗantani ne, shi ya sa abincin gidansa a bakin tsuntsu, kuma da yara ba su zo ba, bango za a koya wa karatu? Yaran suka ce Malama Lantana ce, don an sha kawo su aji da ƙarfi suna gudu, ita ce ta sa ƙafarsu ta ƙi fita ranar da ƙofa take buɗe. Uwar Tsahara da matan da 'ya'yansu suke bencin baya suka ce Malam Sha'aya'u ne, don a cika aji a yi ta dariya ba shi ne sharaɗi ba, da yarinyar nan ta yi shiru da yanzu an sa wa makaranta kwaɗo. Malam Nomau ya saurari kowa, kuma duk wanda ya gama magana sai ya ga shi ne mai gaskiya. Safiyar Juma'a ta same shi zaune a ofis, farar takarda a gabansa, biro a dama, mabuɗi a hagu, mai kwalekwale yana jira a bakin ruwa.

Na ga bakinka yana motsi, kai na gefe. Za ka ce min murhu dutse uku ne, in an cire ɗaya tukunya ta kife. Na sani, tun ba a haife ka ba na sani. Amma mabuɗin ɗaya ne, layin da ke kan takardar ma ɗaya ne. To, ku da kuka ji daga farko har ƙarshe, tsakanin wanda ya kawo yaran, da wadda ta zaunar da su, da wanda ya buɗe bakin na baya, sunan wa Malam Nomau zai rubuta?